Yadda Jatau Ya Tsare Waifai Ɗin Gidansu

A garin Rafin Kanya an yi wani manomi ana ce masa Jatau. Mutum ne mai ƙwazo, ciyawa ba ta kwana a gonarsa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba, kuma in ka ba shi ajiya, ko shekara goma ka yi za ka dawo ka tarar da abinka yadda ka bari. Abu ɗaya ne kawai da shi: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya ƙara mata, ba ya rage mata. In ka ce ya sa ido a kan tukunya, sai ka dawo ka tarar ya kifa fuska a kan murfi yana jiran ka sallame shi.

Su uku ne a gidan. Akwai mahaifiyarsa Inna Delu, tsohuwa mai yawan fara'a, da matarsa Marka, wadda daddawarta ta yi suna har matan birni suna aiko mata da saƙo ta waya tana ba direbobi su kai musu. Sai baƙin sa na huɗa da 'yan awaki a bayan ɗaki. Jatau yana da ƙanne biyu. Lantana tana aikin jinya a birni, Mudi kuwa tela ne a ƙasar Gabon, shekara shida rabonsa da gida. Muryarsa Inna takan ji jefi-jefi, amma sabis ɗin garin ba shi da ƙarfin da zai kawo hoto, ita kuwa ba ta da burin da ya wuce ta ga fuskar ɗanta.

Wata rana Lantana ta zo gida da wata 'yar farar na'ura mai ƙaho biyu. Ta ce waifai ake ce mata, ita za ta jawo sabis daga dogon ƙarfen da ke garin gaba ta raba wa wayoyin gidan. Ta sa mata layi, ta jona ta da batirin sola na ɗakin Inna, 'yan fitilu suka kawo kore. Ba ta gama bayani ba direban motar da za ta koma ya dame ta da ham, don haka tana ɗaura gyale tana ce wa Jatau ya nema wa na'urar wuri a tsakiyar gida, inda babu abin da zai tare ta. Tana fita ya ɗauko igiya. Ya auna daga zaure zuwa katangar baya, ya auna daga rijiya zuwa rumbu, ya ninka igiyar biyu, tsakiya ta faɗo daidai kan tabarmar da Marka ta shanya daddawa. Ya matsar da daddawar, ya cire na'urar daga wuta tunda wayarta ba ta kai ba, ya girke ta a ƙasa. Sannan ya duba abubuwan da za su tare ta. Ya kwance igiyar shanya, ya mirgine turmi, ya kore kaji, har ya ɗauko gatari ya nufi dangar madafa lokacin da Marka ta dawo daga ɗebo ruwa. Ta tarar da zakara a tsaye a kan na'urar, fitilu duk sun mutu. Ba ta yi faɗa ba, don ta daɗe da sanin mijinta. Ta karɓe gatarin, ta sa ya kafa ƙusa a jikin ginshiƙin rumfar Inna, suka rataye na'urar a sama inda wuta take kaiwa.

Da la'asar ɗin ranar aka kira Mudi. Fuskarsa ta cika wayar Marka, ga shi ya yi ƙiba, ga gemu ya fito. Inna ta riƙe wayar da hannu biyu tana shafa gilashin da ɗan yatsa, tana tambayarsa me yake ci a can, tana dariya hawaye na zuba. Jatau ya tsaya daga baya yana kallonsu. Tun daga ranar na'urar ta shiga ransa. Kullum da safe in ya gaida Inna sai ya goge ƙurar da ke kan ƙahonninta da bakin rigarsa kafin ya tafi gona.

Wata rana Marka ta lura abin yana ja da ƙyar, hoton Mudi sai ya tsaya cak baki buɗe. Ta leƙa waje ta ga mutane sun jeru a inuwar katangarsu kowa ya sunkuyar da kai kan waya. Ashe duk wanda ya zo ganin na'urar, Jatau yakan sauko da ita ya nuna masa gaba da baya, a bayan kuwa aka rubuta kalmar sirrin da ta zo da ita. Marka ta ce masa mutanen gari ne suke shanye musu data. Jatau ya tashi ya shiga madafa. Ya ɗauko ƙwarya ya tara a ƙarƙashin na'urar ya ga ta inda take ɗiga, ya wuni ko ɗigo bai gani ba. Sai ya fita wurin mutanen, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ladabi yana roƙon kowa ya buɗe baki ya duba. Duk bakin da ya leƙa a bushe yake, sai na wani dattijo da ke cin goro. Ya dawo ya ce wa Marka ta nemi gafarar maƙwabta, ya bincika, ba wanda ya sha komai.

Marka ta kira Lantana. Lantana ta koya mata yadda ake shiga a canza kalmar sirri ta waya, sannan ta ce a ba ta yayanta, tunda shi ne maigida shi ya kamata ya zaɓa. Ta ce masa ya samo kalma mai ƙarfi, wadda ba mai iya karya ta. Washegari ranar kasuwa ce. Jatau ya bi rumfa-rumfa yana tambaya wa ya fi kowa ƙarfi a ƙasar nan, wanda ba a taɓa karya shi ba. Mahauta da masu hatsi da maƙera duk baki ya zo ɗaya, suka ce ai Ɗangwado ne, ɗan kokawar da bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Da suka tambaye shi me ya kawo tambayar, ya gaya musu gaskiya, don bai iya ƙarya ba. Ya dawo gida ya raɗa wa Marka sunan a kunne, ta rubuta. Kafin magariba inuwar katanga ta cika fiye da da, har da masu zuwa da kujerunsu.

Wata rana kuma Lantana ta sake kira, ta ce wannan karon ya saurara da kyau. Suna kaɗai ba ya isa.

"Yaya, sai ka haɗa babban baƙi da ƙaramin baƙi, sannan ka sa lamba. In ka yi haka ba mai iya shiga."

Ita haruffan rubutu take nufi. Jatau ya ce ya gane sarai, har ya ji daɗi da ya ga duk abin da ake bukata yana da shi a gida. Ya shiga bayan ɗaki ya kwanto baƙin sa, ya kamo ɗan baƙin bunsurun da aka haifa da damina, ya haɗa su da igiya ɗaya ya ɗaure a jikin ginshiƙin rumfa, ƙarƙashin na'urar. Ya dama farar ƙasa ya zana wa san lamba ɗaya a ƙugu, ya zana wa bunsurun lamba biyu. Ya ja da baya ya duba, ya ga lalle Lantana ta yi gaskiya, da wuya wani ya iya shiga. Mutum na farko da ya kasa shiga ita ce Inna, wadda ta dawo daga barka ta tarar da sa a ƙofar ɗakinta. Ana cikin haka bunsurun ya shige tsakanin ƙafafun san, san ya zabura, ginshiƙi ya karkace, rumfa ta zauna a ƙasa. Allah ya taimaka na'urar ta faɗa cikin kwandon kuka ba ta fashe ba. Ranar Jatau ya yini gyaran rumfa, Marka kuwa ta zauna ta haɗa kalma mai tsawo da kanta, ta haddace ta ita da Inna. Da aka tambayi Jatau ko yana so a gaya masa, ya ce a bar shi, kansa ya gaji.

Sai dai har yanzu hankalinsa bai kwanta ba. Ya ji Lantana tana ce wa Marka yanzu waifai ɗin a kulle yake, ya zagaya na'urar ya duba, bai ga kwado ba bai ga sakata ba. Ya ce a ransa mata sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sauran aikin na namiji ne. Ya juye kayan da ke cikin tsohon akwatin ƙarfe na Inna, ya huda ɗan rami don waya ta wuce, ya kwantar da na'urar a ciki a kan zane, ya rufe, ya danna kwado biyu. Sabis ya ɗauke ɗif a gidan. Ranar Juma'a ce, ranar da Mudi yake kira, Inna ta yi wanka ta ɗaura sabon kallabi ta zauna tana jira. Marka ta nemi na'ura sama da ƙasa, sai ga Jatau ya dawo daga masallaci da makullai a wuya, yana murmushi. Ya ce ta kwantar da hankalinta, yau ko ɗan gida bai isa ya taɓa data ba, balle na waje. Marka ta ce ai kuwa ta ga alama. Aka buɗe akwatin, ana fito da ita kiran Mudi ya shigo. Jatau ya ce wa Inna, ashe ita ma na'urar ba ta son zaman ɗaki ita kaɗai.

Wata rana, bayan an yi makonni lafiya, fitilar na'urar ta koma ja, komai ya tsaya. Marka tana can gidan maƙwabta, Jatau ya kira Lantana da kansa. Tana tsakiyar aiki, ta ce masa a gaggauce ba wani abu ba ne, ya kashe ta kawai sannan ya kunna ta. Ta katse. Jatau ya daɗe zaune da wayar a hannu. Ya tuna yadda na'urar nan ta kawo wa Inna fuskar Mudi, bai ga laifin da ta yi da za a yanke mata wannan hukunci ba. Amma Lantana ma'aikaciyar asibiti ce, in ta ce ciwo ya kai nan, to ya kai. Ya wasa wuƙa, ya tara kara a bayan gida, ya ajiye ashana a gefe don kunnawar da za ta biyo baya. Ya sauko da na'urar, ya kwantar da ita ta kalli gabas, sai ya rasa inda wuyanta yake. Yana cikin laluben tsakanin ƙahonnin Marka ta shigo. Ya ɗago ido jawur ya ce ta zo ta riƙe masa, kuma kada ta gaya wa Inna sai an gama. Marka ta zare wuƙar daga hannunsa a hankali. Ta mayar da na'urar ginshiƙi, ta cire wayar wutar, ta ɗan jira, ta mayar. Fitilu suka kawo kore ɗaya bayan ɗaya. Ta ce masa shi ke nan, an kashe an kunna. Jatau ya dubi na'urar, ya dubi matarsa, ya ce shekara goma sha biyu suna tare bai san tana da wannan baiwa ba. Kwana uku yana yi mata magana da ladabi na musamman.

Wata rana da hantsi wayar Marka ta yi ƙara, hannunta duk kalwa, ta ce ya ɗauka. Wani mutum ne mai taushin murya, ya ce sunansa Injiniya Sabitu daga kamfanin da ya yi layin waifai ɗinsu. Ya ce ɓarayin intanet sun shigo yankin, kamfani yana ƙara wa kowane gida tsaro, wanda bai yi ba yau za a rufe masa layi. Jatau ya tambaye shi abin da zai yi. Mutumin ya ce yanzu wata lamba mai guda shida za ta shigo wayar. Kafin ya rufe baki ta shigo.

"To, ka ba ni ita," in ji mutumin. "Amma sirri ce, kada ka bari kowa ya ji. Ni kaɗai za ka ba."

Jatau ya buɗe baki zai karanta, sai ya tsaya. Ga Marka a bakin murhu, ga Inna a rumfa, ga maƙwabta a bayan katanga. In ya faɗa, za a ji. Shi kansa Injiniyan ji zai yi, alhali cewa ya yi kada kowa ya ji, kuma cewa ya yi a ba shi, bai ce a faɗa masa ba. Abin da ake bayarwa kuwa hannu da hannu ake ba da shi. Ya tambaye shi a ina yake. Mutumin ya ce yana babban ofishinsu na bakin tasha a birni, ya dai yi sauri ya karanto. Jatau ya ce ya jira shi, ga shi nan zuwa, ya katse.

Ya kwafi lambar a 'yar takarda, ya ninke ta huɗu ya soke cikin hularsa, ya jefa wayar a aljihu, ya ce wa Marka aikin tsaro ne ya taso, ba zai iya bayani ba. Ya tari motar kasuwa. Tun daga Rafin Kanya har birni wayar take ruri a aljihunsa, fasinjoji suna cewa ya ɗauka mana, shi kuwa ya ƙi, don motar cike take da kunnuwa.

A ofishin ya tarar da wata ma'aikaciya a bayan tebur, ya gaishe ta ya ce ya kawo wa Injiniya Sabitu saƙo. Ta ce ba su da mai wannan suna. Ya ba ta labari daga farko har ƙarshe. Ta ajiye biro ta tambaye shi ko ya karanta wa mutumin lambar, ya ce a'a. Ta ce ya nuna mata, ya dafe hula ya ce ta yi haƙuri, ba ita aka ce ya ba ba. Da ta ji yana da ƙanwa a birni, sai ta karɓi wayar ta kira Lantana, wadda ta iso da kayan aikinta a jiki. Su biyu suka zaunar da shi suka yi masa bayani. Kamfani ba ya kiran kowa ya nemi lamba. Mutumin ɗan damfara ne, lambar kuwa mabuɗin shafin hirar Marka ce. Da ya same ta, da ya kore Marka daga shafinta, ya zama shi ne Marka a idon duk matan da ke sayen daddawarta, ya kuma aika wa Mudi cewa Inna tana kwance rai a hannun Allah a turo abin magani. Yanzu kuwa lambar ta daɗe da mutuwa, minti kaɗan take yi. Lantana ta yi dariya har ta dafe tebur, daga baya ta kama hannun yayanta ta riƙe.

Da ya koma gida da la'asar ya tarar gari ya rikice. Gida bakwai aka kira a ranar, shida sun karanta. Har da Haladu mai shagon cajin waya, wanda ya fi kowa sanin waya a garin, yana tsaye a bakin kasuwa yana rantse wa 'yan'uwansa cewa lafiyarsa ƙalau, ba shi ne ya aika musu yana asibiti ba. Dagaci ya tara mutane a ƙofar gidansa, ya sa Jatau ya tsaya a gaba, ya ce daga yau duk wanda aka kira aka nemi lamba, ya yi irin ta Jatau: ya rufe bakinsa, ya taka da ƙafarsa ya je ofis ya tambaya. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Marka ta yanka masa zakara, Inna ta ba Mudi labarin sau uku a kira ɗaya.

Shi dai Jatau bai ga abin yabo ba. A ganinsa an aike shi ne bai isar da saƙo ba, abin yana damunsa. Bayan kwana huɗu wayar ta sake ƙara, ya ɗauka, sai ya ji muryar nan mai taushi, ta fara zancen ɓarayin intanet daga farko. Jatau ya ji daɗi ƙwarai.

"Injiniya, ai na je ban same ka ba," ya ce. "Saƙonka na nan a hulata, wallahi ba wanda ya ji. Ka zo Rafin Kanya ka karɓa da hannunka. 'Yan banga ma sun ce da ka iso in kira su, suna so su yi maka sannu da zuwa."

Aka katse wayar. Jatau ya ce wa Marka da alama Injiniya ya kamo hanya, ta ƙara hatsi a tuwon rana.

Injiniya bai zo ba ranar, bai zo washegari ba. Har yau takardar tana cikin hular Jatau. In Marka za ta wanke hular, sai ya zare takardar ya dunƙule ta a hannu, ya zauna a rumfar Inna ƙarƙashin koren fitilun nan, ba ya buɗe hannun sai hular ta bushe.